Wayar da Ba Ta Jin Murya

Ɗis, ɗis. Ruwa ne ke tsatsowa daga gindin randa yana ɗiga cikin kwanon da na tara a ƙasa. Ina zaune a inuwa da hantsi, a gidanmu na Umbadda, nan Sudan, ina tsintar wake, sai na ji bakina yana bin ɗigon nan da wani amo. Sai da na kai tsakiya na gane waƙar Habboba ce, kakarmu, wadda suke yi suna tsinkar auduga a Jazira. Tun rasuwarta, Allah Ya jiƙanta, ban ƙara jin waƙar a bakin kowa ba. Na bi dangi ɗaya bayan ɗaya a raina, na ga ni kaɗai na rage da ita. 'Yata kuwa, mai shekara tara, in na yi mata Hausa da Larabci take amsawa.

Ran Juma'a ƙanena ya zo cin abincin rana. Kiɗan biki ne sana'arsa, kuma ya taho a raksha, keken nan mai ƙafa uku, da orgarsa, abin kiɗan nan mai maɓallai farare da baƙaƙe, don daga wurinmu zai wuce wani ɗaurin aure a Aljirif. Na ba shi labari.

Ya ce, "Abu mai sauƙi, Yaya. Ki rera in ɗauka a waya."

Na ce, "Ka ɗauka ka tura wa matarka, jibi in shiga motar kasuwa in ji kaina? A'a."

Ban taɓa son muryata ta wuce katangar gida ba. Haka na tashi, ban kuma ga dalilin sakewa ba.

Ya yi dariya har da buga gwiwa, sannan ya zaro wata igiyar waya daga jaka, bakinta da 'yan haƙora biyar. Midi ya ce sunanta. Ya haɗa orga da ƙaramar kwamfutarsa.

"Wannan ba ta jin murya. Ko guɗa kika rangaɗa a gefenta ba ta san kin yi ba. Labari kawai take kai wa kwamfuta: an danna maɓalli kaza, da ƙarfi kaza, an sake shi bayan lokaci kaza."

Na ce, "Wato kamar maƙwabciya ta aiko min da yadda ake haɗa miya, ba miyar ba."

"Kin ma fi ni iya bayani."

Da farko babu abin da ya fito. Ya duba ya sake dubawa, ashe ya juya bakunan ne. Dole abin da ke fita daga wannan ya faɗa ramin shiga na wancan, shi kuwa ya bar su duka biyu suna magana babu mai saurare. Na ce ai a gidansa ya koyo. Ya ce zai faɗa wa matarsa.

Da yatsa ɗaya na fara laluben waƙar a kan orga, ina ta ɓata. Ya ce, "Ki tsaya kan baƙaƙen, waƙoƙinmu can suka fi zama." Ikon Allah, sai ga waƙar tana fitowa. Duk maɓallin da na taɓa, sai wani ɗan layi ya bayyana a fuskar kwamfuta, wani dogo wani gajere, kamar tubalin da aka shanya a bakin kogi. Inda na yi kuskure, sai ya ja layin ya mayar da shi mazauninsa.

Akwai wurin da na ɗan dakata. Ya kai hannu zai matse giɓin, na riƙe shi.

"Bar shi. Nan Habboba take jan numfashi."

Ya dube ni, ya janye hannunsa.

Da ya danna, orga ta kama waƙar ita kaɗai, hannuwana suna kan cinyata. Na ji ƙwalla ta taru, na goge da gefen mayafi. Shi kuwa don ya ba ni dariya ya shiga sauya mata murya, tunda saƙon ɗaya ne, mai karɓa ke zaɓen bakin da zai faɗe shi. Ta fito da muryar sarewa, ta fito da ta garaya. Can ya tura ta wajen ganguna, waƙar Habboba ta koma kamar akuya ta shiga madafa ta ture tukwane. Maigida ya fito daga barcin rana yana tambayar me ya fashe.

Duk wannan 'yata na durƙushe a gefen tabarma. Sau uku ta sa kawunta ya maimaita ta sarewar, tana bi da hanci. Bayan la'asar ya naɗe igiyoyinsa, ya ce ya adana saƙon wuri biyu, ya hau raksha.

Na ji daɗi, amma da na zauna wanke-wanke sai na ga rabin aiki aka yi. Amon ya tsira, maganar tana nan cikin bakina, tsuntsun da ke satar dawa da matar da ke korarsa da zanenta. Ina cikin wannan tunanin yarinyar ta zo ta tsuguna, ta ɗauki kofi tana ɗaurayewa ba tare da na sa ta ba. Ta ɗan bi amon waƙar da hanci, ta tsaya, sannan da 'yar Hausarta mai ɗingishi ta ce:

"Yumma, orgar ba ta san me Habboba take cewa ba. Ke ki faɗa min. Amma a hankali, Hausarki gudu take."