Katantanwar da Kaka Ya Haƙo

A cikin gwangwanin da nake ajiye allura da zare akwai wani farin dutse da bai kai ƙwan zabo ba. In ka juya shi za ka ga katantanwa ce sak, da murɗinta da layukanta, sai dai nauyinta na dutse ne. Jiya ina neman maɓalli ya gangaro ƙasa, na ɗauka, na zauna da shi a hannu har shayina ya huce. Shekara arba'in yana wurina, kuma har yau ban gama sanin abin da nake riƙe da shi ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Boɗinga da Shagari, kuma kakana na wajen uba shi ne mai haƙa rijiyoyin yankin. A lokacin da soja suka karɓi mulki daga farar hula, damina ta yi mana gardama. Gero ya bushe a tsaye, rijiyar tsakiyar gari ta koma laka. Mata kan yi sammako zuwa fadama, su dawo da hantsi da rabin tulu. Gida uku sun riga sun ɗaure kaya sun bar garin. Sai aka yanke shawarar haƙa sabuwar rijiya da gayya: Kaka a ƙasa da dagi, samari huɗu a sama suna jan kwandon ƙasa da igiya. In babu masu ja, babu aiki, don mai haƙa ba ya fitar da ƙasarsa da kansa.

Ina aji biyar, ni ke kai masa kunu. Ranar da ya wuce marmara da yumɓu ya tarar da farin dutse, ya fito jikinsa fari fat, ya miƙo mini wannan abu yana dariya. "Amarya, ga sadakinki, kak ki ce ban ba ki komi ba."

Washegari na kai shi makaranta. Malaminmu mutumin Kudu ne, Kirista, shi kaɗai a garin, kowace Lahadi yakan tafi Sakkwato coci. Da ya ga dutsen sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce wannan halittar teku ce, nan inda muke zaune teku ne a da, shekaru miliyoyi da suka wuce. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya ajiya. Ana tashi na ruga bakin rijiya, na sanar da masu jan igiya cewa teku suke haƙowa.

Ɗaya daga cikinsu ya taɓa zuwa ci-rani Ikko. Ya saki igiya ya ce, "Teku? Na kurɓe shi da bakina. Gishiri na zalla, ko jaki bai shan shi." Kafin magariba magana ta gama gari. Da safe babu wanda ya zo. Wa zai ja igiya da yunwa a cikinsa don ruwan gishiri? Innata ba ta doke ni ba, kallona kawai ta yi ta ɗauki tulu ta nufi fadama, kuma na fi son a ce dukan ta yi.

Liman ya yi ƙoƙarin gyarawa. Ya ce Allah Ya halicci sama da ƙasa a kwana shida, katantanwar kuma Ruwan Ɗufana ne ya bar ta, zancen miliyoyi na 'yan boko ne. Samarin suka ce ko da Ɗufanar ce, ai ta gauraya da teku. Kwana uku rijiyar tana buɗe babu kowa.

Rana ta huɗu bayan la'asar Kaka ya kama hannuna muka tafi ɗakin malamin. Bayan doguwar gaisuwa ya ajiye dutsen a kan tabarma.

"Malam, kai kac ce teku na ƙarƙashinmu?"

"Ban ce yana nan yanzu ba, Baba. Na ce ya taɓa zama."

"To littahinku na addini, mi yac ce?"

Malamin ya ce su ma kwana shida ne a wurinsu, su ma suna da ruwan Annabi Nuhu, har wasu manyansu sun ƙirga daga Adamu suka samu wajen shekara dubu shida. "Ranar Lahadi ina karanta wancan, zuciyata ta yarda. Litinin ina koyar da wannan, kaina ya yarda. Ban san yadda zan haɗa su ba, Baba."

Ban taɓa jin babba ya faɗi haka ba, balle malamin makaranta. Tsoro ya kama ni. Ina jiran Kaka ya ci gyaransa, sai na ji ya yi ajiyar zuciya.

"Ni ma ina da tawa," in ji shi. "Na ga ambaliya fadama ba sau ɗaya ba. In ta wuce, hargitse take barin komi. Abin da nika gani ƙasa kuwa jere yake, shimfiɗa bisa shimfiɗa, kamar an jera tabarmi. Wanga aiki ba da gaggawa anka yi shi ba. Amma maganar liman ba ni iya yada ta." Ya tura dutsen gaba kaɗan. "Ba shi yak kawo ni ba. Ruwan da ke ƙasa, gishiri na ko a'a?"

"Ban sani ba, Baba."

"To mun zama biyu."

A hanyar gida na tuna liman ya taɓa cewa ranar Allah kamar shekara dubu ce a tamu. Na yi lissafi da yatsu, shida sau dubu, na ga ko kusa da miliyan bai je ba. Na gaya wa Kaka. Ya ce, "Amarya, bakin nan naki ya isa haka."

Da safe ya ɗauki daginsa ya tafi rijiya shi da baffana. Mutum ɗaya ba ya jan kwandon dutse. Suna tsaye suna shawara sai ga malamin, ya naɗe hannun riga. Ya ja igiya har aka buga ƙararrawar makaranta, da yamma ya dawo, tafin hannunsa duk ya saɓule. Samarin suna kallo daga gindin bishiyar bedi. Rana ta biyu kunya ta kawo biyu daga cikinsu, ta uku duk suka dawo, na Ikkon yana ta gunaguni yana ja.

Bayan mako biyu ƙasa ta fara fitowa da danshi. Ranar da guga ya hau da ruwa, gari duka yana wurin. Kaka ya kurɓa, ya miƙa wa liman, liman ya miƙa wa malamin. Da ƙwaryar ta zo kaina na ji: ruwa ne mai sanyi, yana shayuwa, amma a ƙarshen harshe akwai ɗan zartsi. Na Ikko ya ce ga tekun nan. Liman ya ce ga rahamar Allah nan. Kowa ya cika tulunsa, kuma daga ranar babu gidan da ya sake tashi.

Yanzu famfo mai aiki da hasken rana ne a garin, an rufe rijiyar da siminti. Kaka ya rasu, malamin ya koma garinsu, ban sake jin labarinsa ba. Na karanta bayanai, na saurari wa'azi, kowanne in ina jinsa sai in ce to yau na gane, in na koma ga ɗayan sai lissafin ya sake warwarewa. Jiyan nan jikata ta same ni da dutsen a hannu, ta ce, "Kaka, shekarunsa nawa?" Na buɗe baki in ba ta amsar makaranta, amsar liman ta tare ta. Sai na ce mata ban sani ba, amma na sha ruwan da ke ƙarƙashinsa, kuma shi ya raya mu.