Jerin Sunayen da Baba Sahabi Ya Aika Legas

Duk wanda ya yi aiki da mu a ofishin Gummi ya san Baba Sahabi ba ya fara magana sai ya gama gaisuwa, ko da gobara ce ta tashi. Mu biyar ne masu kula da ƙarafan sabis na wani babban kamfanin waya, daga Gummi zuwa Bukkuyum har Anka, shi ne shugabanmu. Hedikwata tana Legas, kuma kowace safiyar Litinin akwai taro ta bidiyo na minti goma sha biyar cif. A tsaye ake yin sa, wai don kada a yi dogon surutu. To, ba su san da wa suka haɗu ba!

Da an ce Gummi ta ba da rahoto, sai ya gyara hula, ya matso har hancinsa ya cika allon.

"Salamu alaikum. Kun kwana lahiya? Ina gajiya? Ina iyali? An samu ruwa wajenku? Kai mai jar riga, ɗiyarka da ta yi masassara, ta miƙe?"

Manajarmu ta gaji ta koyi kashe masa murya daga can. Shi ko a jikinsa. Mu muna jin sa a ɗaki, su suna kallon baki yana motsi, yana bin su ɗaya bayan ɗaya. In ta buɗe shi bayan minti biyar, abin da za su fara ji shi ne, "To madalla. Janaretan Anka dai ya mutu tun jiya."

Ni kam a shekarar da nake ba ku labari, dariyata ba ta kai ciki ba. Kamfanin yana da wata al'ada marar daɗi: ƙarshen kowace shekara shugaban rukuni zai jera sunayen mutanensa a fom, har da nasa, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, kuma wanda ya zo ƙarshe ba a sabunta masa kwantiragi. A shekarar Innata ta kwanta ciwo, na yi ta fashin aiki ina jigilar asibiti. Kowa ya san Lawali ne na biyar, har ni Lawalin. Ga mata, ga yara biyu, ga Inna a kwance. Fom ya iso, Baba Sahabi ya ajiye shi ya ƙi taɓawa. In na yi ƙarfin hali na tambaya sai ya ce, "Ina nazari. Tahi ka duba mai."

Kun dai tuna yadda manajar ta samu sunan Inna. Amina take, 'yar Kaduna, ba ta fi shekara talatin ba, mai kirki amma ba ta son ɓata lokaci. Doka ta fito cewa a kamfaninmu babu oga, babu ranki ya daɗe, kowa a kira shi da sunansa, wai mu duka dangi ɗaya ne. Ashe Amina sunan mahaifiyar Baba Sahabi ne.

"Baba Sahabi, ka ce Amina kawai," in ji ta.

"Wa? Ni? In buɗe baki in kira sunan wadda ta haife ni gatsau? Allah shi kiyaye!"

"To me za ka riƙa ce mini?"

"Inna mana. Ba ku kuka ce dangi muke ba?"

Haka dattijo mai furfura ya dinga "Inna, batir ya ƙare," "Inna, hanya ta yanke," a gaban mutanen Legas. Kafin wata uku har babban shugabanta Inna yake ce mata.

Sai maganar riga. Duk shekara ana aiko mana da riga mai gajeren hannu da hular hana-salla masu tambarin kamfani, a ce mu sa ranar Juma'a don a ga kanmu haɗe yake. Baba Sahabi bai taɓa sawa ba, ya ce shi ba ɗan ƙwallo ba ne. Amma bai taɓa ƙin karɓa ba, don mutumin nan ko igiyar buhu ba ya yarwa. Ana saura kwana uku a rufe karɓar fom, manaja ta kawo mana ziyara. Muka hau babura za mu kai ta ƙarfen Adabka, hanya duk rami, ta bi ta gefen gonar Baba Sahabi. Can tsakiyar dawa sai ga wani tsaye ya ware hannuwa, sanye da rigarmu da hularmu, tsuntsaye suna kewaye shi daga nesa, ashe mutum-mutumi ne.

"Baba Sahabi! Wancan ba rigar kamfani ba ce?"

"Awo, Inna, ita ce. Ma'aikacina ne. Shekara ukku bai yi latti ba, bai nemi hutu ba, bai ci abincin rana ba. Irin wanda kuke so ke nan. In kuna karɓar sunanshi, shi ne na ɗaya."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Da ta share hawaye sai ta ce, "Jerin fa? Juma'a ce rana ta ƙarshe." Ina bayansu a kan nawa babur, ina jin komai.

Ranar Juma'a ya aika, bai nuna wa kowa ba. Litinin muka jeru gaban allo, manaja ta bari ya gama gaisuwarsa tsaf, abin da ba ta taɓa yi ba. Sannan ta ce, "Baba Sahabi, akwai kuskure a fom ɗinka. Sunanka ne na biyar."

"Babu kuskure. Kun ce a rubuta gaskiya, na rubuta. Gwiwata ta ƙi, rabona da hawa ƙarfe har na manta. Su ke hawa, ni ina tsaye ina nuni da yatsa."

"Amma Lawali ya yi fashin kwanaki da yawa."

"Jinyar uwa ya yi. In wannan laifi ne a Legas, nan Gummi ba laifi ba ne."

"Ka san abin da wannan ke nufi?"

"Na sani. Ni ina da gona."

Ta yi ta lallashi, mu ma muka sa baki. Kun san shi, in ya kafe ya kafe. Na bi shi waje, na ce, "Baba, don me?" Ya ce, "Kai, kauce, ka tare mini babur."

Bayan ya bar aiki da wata guda, na ɗauki goro na tafi Adabka in yi godiya yadda ya kamata. Ina shiga gidansa na ɗaga kai, sai ga Baba Sahabi can ƙolin rumbu yana gyaran jinka, ya tsuguna daram, ko tsani bai jingina ba.

"Baba! Gwiwar fa?"

Ya leƙo, ko kunya babu. "Ta samu sauƙi tun da ta bar kamfani. Miƙo mini igiyar can."

Na miƙa masa, na tsaya a gindin rumbu ina kuka kamar ƙaramin yaro, shi yana ta faɗan wai na kawo igiyar da ba ita ba. Godiyar nan har ya koma ga Allah bai bari na kai ƙarshenta ba. Bara bayan girbi ya yi 'yar jinya ta kwana huɗu, shi ke nan. Ina kewarsa ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Har yau ina aikin, Innata ta warke, yarana suna makaranta, duk a kan gurbin da ya tashi ya bar mini.

Allah ya jiƙan Baba Sahabi, ya yafe masa ƙaryar gwiwar nan, don ni ya yi ta. Ya Allah, ranar da za ka jera bayinka, ka sa shi a sahun gaba. Amin.