Dodon Koɗin da Na Kai Shan Hantsi

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar mijina, Malam Sabo, amma sai makon jiya na san abin da na yi masa.

Lokacin da kuɗin mai suka shigo, gwamnati ta tura shi Landan karatun dabbobi, na bi shi ina amarya. Abokansa na karatun likita da injiniya, shi kuwa dodon koɗi ya sa a gaba, wasu 'yan mitsi-mitsi da aka kawo daga wani tsibiri mai nisa.

Da hunturu aka shiga ɗauke wuta, ɗakin bincikensu ya yi sanyi, sai ya kawo su ɗakinmu na unguwar Whitechapel cikin akwatin roba. Wata safiya bayan fitarsa na ga rana ta fito tar. Tausayi ya kama ni, na ce bayin Allah su ma su sha hantsi kamar 'yan tsaki, na ɗora su a bayan taga. Ina na san ranar Turai haske ce kawai? Kafin la'asar ko ɗaya ba ya motsi.

Ya daɗe yana kallon akwatin, sannan ya ce, "Kada ki damu, Binta, suna nan birjik a tsibirinsu." Bayan wata biyu ya ce karatun ya ishe shi, muka koma Kano ya kama koyarwa.

Makon jiya jikarmu Hauwa tana tone-tone a tsofaffin takardunsa ta ga sunan dodon, ta nemo shi a waya. Wai ya kusa ƙarewa a duniya, saura 'yan kaɗan a gefen dutse guda. Ban gama salati ba ta zaro kwafin wata wasiƙa da ya rubuta wa malaminsa. Ashe tun lokacin an san suna ƙarewa, don haka aka kwaso su a raya. Ya rubuta cewa shi ne ya manta su a taga. Da amsar a haɗe: an cire shi daga aikin. Sunana bai fito ko'ina ba.

Ban san me zai ce ba da ya ga yau duniya na neman abin da na kashe da tausayina. Wataƙila ya sake cewa kada in damu.

Bai bar digiri ba, bai bar littafi ba, rufin asirina ya bari. Shekara talatin ina yi masa gori a gaban baƙi cewa sanyi ya koro shi daga Landan, yana taya su dariya.