Addu'ar da Baba ya rubuta a fasfona

Wata bakwai na yi ina safa da marwa a kan fasfo da biza. In hau mashin daga ƙauyenmu Kaya zuwa Maradun, in shiga mota zuwa Talata Mafara, daga can in nufi Gusau, sau biyu ma har Abuja. Na samu tallafin karatun harhaɗa magunguna na shekara huɗu a Indiya, kuma a danginmu kaf babu macen da ta taɓa hawa jirgi in ba don aikin Hajji ba. Ranar da fasfon ya dawo hannuna da bizar manne a ciki, saura kwana tara mu tashi.

Babanmu malami ne. A gidanmu duk sabon littafi sai ya bi ta hannunsa, ya buɗe shi ya rubuta bisimilla da 'yar addu'a, kafin mai shi ya taɓa. Ko littafin lissafina na firamare bai tsira ba. Na san wannan sarai, amma murna ta mantar da ni. Bayan la'asar na durƙusa na miƙa masa fasfon na ce ya sa albarka, na shige ciki taya Inna tuƙa tuwo.

Da na dawo zaure na tarar da shi kan buzunsa, kurtun tawada a buɗe, alƙalamin kara a hannu, yana hura wa fasfon iska ya bushe. A shafin da ke kallon bizar ya jera addu'ar matafiyi, layi uku, da kyakkyawan rubutun nan nasa da ake zuwa nema tun daga Bakura. Fuskarsa cike da fara'a.

Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin hawa, gadon Inna ne, ba na musu.

Na ce, "Baba, mi kunka yi haka? Wannan fa ba allo ba ne. Kun kashe mini tafiya."

Ya dai rufe kurtun a hankali.

Na kira jami'in da ke kula da tafiyarmu. Ya yi salati, ya ce fasfon da aka yi wa rubutu ana iya maido mai shi daga filin jirgi, sabon fasfo kuma sai da sabuwar biza, jirgi ba zai jira ni ba. Ya ce in zai gogu a goge, amma kada shafin ya yage, kada ruwa ya taɓa bizar.

Na ɗauko reza. Sai a lokacin Baba ya yi magana, shi da yake kirana Uwata saboda sunan mahaifiyarsa na ci.

"Uwata, ba a kankare sunan Allah. Bar mini shi zuwa safe."

Na ba shi ne don ba ni da yadda zan yi, ba don na yarda ba. Tuwon ma ban ci ba.

Da hantsi ya sa Inna ta kawo auduga da ruwa da ƙaramin ƙoƙo. Ya rufe bizar da leda, ya sa kwali a ƙarƙashin shafin. Tawadarsa ta gawayi da ƙaro ce, tana jin ruwa. Ya naɗa auduga a kan tsinke, ya jiƙa ta kaɗan, ya ɗauke harafi ɗaya, ya matse a ƙoƙon, ya sake naɗa wata. Idonsa ya soma rauni a lokacin, har hancinsa na kusan taɓa takardar. Ina zaune gefe ina kallon hannun da ya koya mini riƙe alƙalami yana kwashe abin da ya rubuta mini.

Can ya ce, bai ɗago ba, "Na sa ƙaro da yawa, shi ya sa take gardama. So nike ta kai ki shekara huɗun nan."

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, kuka ya riga ni.

Sai gab da azahar ya gama. Shafin ya ɗan tattare, da wata inuwa toka-toka, amma babu harafi ko ɗaya, bizar kuma lafiya lau. Haka na wuce da shi daga baya, a nan da can, ba wanda ya tambaye ni.

Na miƙa hannu in karɓi fasfon, sai ya miƙo mini ƙoƙon. Ruwan ciki baƙi ne, bai fi kurɓi biyu ba.

Ya ce, "Tunda sun hana ta bi ki a takarda, ta bi ki a ciki. Can ba mai bincikawa. Yi bisimilla."

Na kama ƙoƙon da hannu biyu na shanye.