Vernon Ackroyd, Ɓarawon Takalmin Hagu

Duk ranar Asabar, tun raɓa ba ta bushe ba, Vernon Ackroyd yake gangarowa daga layin gidajen jan bulo da ke bayan tsohon ramin kwal, jakarsa a kafaɗa, yana ɗingisa gwiwar da ta daɗe da gajiya da shi. Shi ke buɗe ƙofar filin Ashfold. Kafin kowa ya iso sai ya zagaye filin yana tsince fasassun kwalabe, yana danna ƙasa da diddige don ya ji ko sanyi ya daskarar da ita. In ta yi tauri babu wasa, ko da motar baƙi tana bakin ƙofa. Daga nan ya ɗora butar shayi, ya baje kayan jakar a kan benci: bandeji, almakashi, ƙanƙara, da 'yar tocilan ta duba ido. Ya kusa shekara arba'in a kan haka, kuma ba wanda ya ɗauke shi aikin. Ƙarshen watan nan zai ajiye jakar. Ni kuwa tun da na ji, hankalina bai sake kwanciya ba.

A garinmu Wakefield ba a tambayar yaro ko zai buga zari-ruga, sai dai a tambaye shi lambar da zai sa. Kakanninmu kan fito daga ƙarƙashin ƙasa baƙi ƙirin, su wanke fuska, su shiga fili su yi ta karo da juna har rana ta faɗi. An rufe ramukan, an shuka bishiyoyi a kan tudun toka, wurin da kejin ƙarfe yake saukar da mutane cikin rami yanzu manyan rumbunan ajiyar kaya ne, can mijina Dale yake lodi. Wasan ne ya rage mana, shi da ɗabi'ar da ta zo tare da shi: in an kayar da kai, ka tashi. A da, ko suma mutum ya yi, soso ne da ruwan sanyi a ƙeya, a buga masa baya, a tura shi ya koma. Har yau in an ce wane namiji ne, abin da ake nufi ke nan.

Baba Vernon ya yi aikin agajin gaggawa a cikin rami tun yana saurayi. A can kowane mahaƙi yana da 'yar tagulla mai lambarsa, in ba ta hannunka, ba ka sauka. Wannan dokar ya ɗauko ya kawo fili. Duk wanda ya bugu a kai, babba ko yaro, tsohon zai durƙusa a gabansa, ya yi masa tambaya ɗaya ko biyu, in amsar ba ta yi masa ba sai ya kwance takalmin hagu, ya ƙulla igiyoyin, ya rataya a wuyansa. Ba ya dawo da shi sai likita ya yarda. Shi ya sa gari ya sa masa Ɓarawo.

"Kai Ɓarawo, yaushe za ka buɗe shago ne?" in ji 'yan kallo.

"Ina jiran na dama tukuna," in ji shi. "Miƙo naka in gani, ai kai ba amfaninsa kake yi ba."

A ɗakin shayi, saman buta, akwai kanta mai jere da takalman hagu da ba a zo an karɓa ba. Na waɗanda likita ya ce sun gama da wasa ne. Ɗaya na Kieran Oldroyd ne, direban bas ɗin unguwarmu. Da bakinsa ya gaya mini cewa ranar da aka murɗe masa wuya ya so ya miƙe, abokan wasansa har sun kama hannuwansa za su ɗaga shi, Baba Vernon ya riƙe masa kai da hannu biyu a cikin ruwan sama, bai saki ba sai da motar asibiti ta zo.

"Na zage shi tas, Leanne," in ji Kieran. "Har kakarsa ban bari ba. Daga baya aka nuna mini hoton ƙashin. Da na tashi, da yanzu matata ce ke juya ni a gado."

Mutum ɗaya ne ya taɓa kuɓuce masa, kuma a gidana yake zaune. Surukina ne, mahaifin Dale, Gordon Firth, wanda ake kira Katanga. Kowa a unguwar nan ya san labarin wasan ƙarshe da aka yi masa karo har ya faɗi bai motsa ba. Baba Vernon ya cire masa takalmi. Da tsohon ya juya wajen wani mai rauni, sai Gordon ya ari takalmin ɗan benci, wanda ya yi masa kaɗan, ya koma fili ya ajiye ƙwallon da ta ba mu kofi. Hoton yana bangon ɗakin shayi, ƙafa ɗaya baƙin takalmi, ɗaya fari. Ba bikin da za a yi ba a ba da labarin takalmin aro ba.

Abin da ba a bayarwa shi ne yadda yake yanzu. Ni nake yanka masa nama ƙanana, ni nake ɓoye makullin ƙofa. Bai kai saba'in ba, amma yakan kalli Dale, ɗan cikinsa, ya tambaye shi ko shi ne mai gyaran famfo. Ban ce karon ranar kaɗai ya jawo ba, shekaru ya yi ana dukan kan nan, likitoci ma ba su yanke mana magana ɗaya ba. Amma ni da nake wanke shi ba na iya kallon hoton nan.

Ga kuma ɗana Corey, shekararsa goma, kafaɗun kakansa ya ɗauko.

A watan jiya yaranmu suka kai wasan ƙarshe da yaran tsallaken kogi. Dale ne kocinsu. Ina tsaye bayan igiya, jaririyata a ƙirji, hannuna ɗaya cikin hannun Gordon, don in na sake shi fili zai faɗa. Saura kaɗan a tashi, ana gaba da mu da maki biyu, Corey ya sunkuya zai tare wani ƙaton yaro, gwiwar yaron ta same shi a gefen kai. Na ji ƙarar daga inda nake. Ya kwanta, ƙafarsa ɗaya ta yi wani irin miƙewa da ban taɓa gani ba. Sai kuma ya tashi, yana murmushi, fili ya ɗauki tafi.

Baba Vernon ya riga ya isa. Ya durƙusa a gabansa.

"Jarumi, da wa muke bugawa yau?"

Corey ya faɗi sunan ƙungiyar da suka buga da ita makon da ya wuce.

Tsohon bai ƙara tambaya ba. Kafin yaron ya ankara takalmin yana wuyansa.

"Haba Baba Vernon!" in ji Dale. "Kalle shi fa, garau yake. Ruɗewa ce kawai. Saura kaɗan a tashi."

"Ya gama na yau."

"Ɗana ne fa."

"Na sani. Ni na ɗinke maka gira kana kamarsa."

Sai wani daga bayanmu ya ɗaga murya: "Jinin Katanga ne! A ba shi na aro!" Wasu suka kama, suna yi suna dariya, suna buga allon talla: "Na aro! Na aro!" Ba mugaye ba ne. Maƙwabtana ne, wasunsu sun zo bikina. Na ga wani yaro a benci ya fara kwance takalminsa, na ga mijina ya miƙa hannu ya karɓa. Na ƙwala masa kira har jaririyar ta firgita, amma muryata ta nutse cikin tasu. Corey ya ɗaga ƙafa yana jira a sa masa. Idanunsa ba sa kallon wuri ɗaya.

Baba Vernon bai yi kokawa da kowa ba. Ya juya, ya ɗingisa zuwa tsakiyar fili, ya zauna daɓas a cikin taɓo, takalmin yana lilo a ƙirjinsa. Alƙalin wasa, wani matashi, ya zo kansa da usur a hannu.

"Baba, don Allah tashi, za mu ci gaba."

"Ku ci gaba mana. In yaron nan ya shigo, ta kaina za ku bi."

Aka yi masa ihu. Wani ya jefo kofin takarda. Shi kuwa bai kalli kowa ba sai Dale, ya ce da murya wadda duk fili ya ji:

"Dale, kafin ka ɗaura igiyar nan, waiwaya ka gai da babanka."

Dale ya waiwaya. Gordon yana tsaye kusa da ni cikin babbar rigar sanyinsa, na ɗaura masa gyalen ƙungiya a wuya. Ya ga mutum yana kallonsa, sai ya gyara tsayuwa cikin ladabi, ya ce:

"Samari, yaushe za a fara wasan ne? Ni fa ban ga takalmina ba."

Dale ya daɗe tsaye da takalmin aron a hannu, sannan ya mayar wa mai shi. Aka sa wani yaro a madadin Corey. Sai da mutum biyu suka kama Baba Vernon kafin ya iya miƙewa. Muka sha kashi da maki biyun nan.

A mota Corey ya yi amai. A asibiti hoto bai nuna jini ba, amma likitar ta ce ƙwaƙwalwar ta girgiza, kuma abin da suka fi tsoro ga yara shi ne karo na biyu kafin na farko ya warke. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban nemi ta ƙarasa ba. Ya yi kwanaki ba ya son haske, yana kuka in an rufe ƙofa da ƙarfi. Har yanzu bai tuna cewa an buga wasan ba. Duk da haka akwai iyayen da ba sa amsa gaisuwar Baba Vernon, wai ya zubar wa yara da kofi.

Baba Vernon, kai ne ka yarda a tsane ka ranar Asabar don wani ya gane 'ya'yansa ranar da ya tsufa. Kai ne mai zama a taɓo. Ba ka da kofi ko ɗaya da sunanka, hotonka ba ya bango, amma akwai maza a garin nan da suke tuƙa mota, suke ɗaukar jikokinsu, saboda ka bar su da ƙafa ɗaya a safa. Ka so wasan nan fiye da masu yi maka ihu, shi ya sa ba ka bari ya cinye masu buga shi ba.

Abin da ke tsorata ni shi ne taron da aka yi bayan ka ce gwiwarka ta gama. Shugaban ƙungiya ya tambayi wanda zai karɓi jakar. Ɗaki cike da ƙarti, kowa ya sunkuyar da kai cikin kofin shayinsa. Ɗaura bandeji kowa zai iya koya. Abin da ba wanda yake so shi ne ya cire wa ɗan maƙwabcinsa takalmi a gaban gari.

Da likita ta sallami Corey, na je ɗakin shayi karɓar takalmin. Ya sauko da shi daga kanta, ya goge shi tsaf, har da sabuwar igiya. Na riƙe shi na kasa tafiya.

"Da ma ka ce ya ɓata," na ce.

"Ba za ki iya hana shi ba, 'yata. In kin hana shi nan, zai buga a bayan gidaje kan kwalta, inda ba mai kallonsa."

"To wa zai kalle shi a nan in ka tafi?"

Ya sa ƙafa ya turo jakar har ta taɓa tawa.

"Ni? Baba, ni ko jini na gani jiri nake ji."

"Jini ba komai ba ne, ana gogewa. Na ji muryarki ranar nan. Ke kaɗai kike ihu daidai."

Na shiga ajin koyon agajin gaggawa. Shi kuma yana koya mini abin da ba a koyarwa a can: yadda ake kwance jiƙaƙƙiyar igiya a ƙafar da ke shure-shure. Mun rasa wanda za mu gwada a kansa, sai ga Dale ya shigo, ya zauna a benci ya miƙo ƙafar hagu.

"Shure ta sosai," in ji Baba Vernon. "Kada ka ji tausayinta, su ma ba za su ji ba."

Na gode, Baba Vernon, a madadin ɗana da bai san abin da ka yi masa ba, da surukina da ya manta abin da ka so ka yi masa. Allah ya hutar da gwiwar nan, ya ba ka tsawon rai kana zaune a inuwa kana yi mana gyara.

Ku kuma iyayen Ashfold da na tsallaken kogi, filaye sun fi masu jaka yawa. Ku je ku koya, ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Daga watan gobe ni ce a bakin layi, kuma ba zan ɓoye muku ba, tsoro nake ji: ba ni da furfurarsa, ba ni da muryarsa, wanda zan cire wa takalmi wataƙila ɗanki ne, wataƙila nawa ne. In ranar ta zo kuka ga mace zaune a tsakiyar fili cikin taɓo da takalmi a wuya, kada ku nemo na aro. Ku tsallako igiya ku zauna kusa da ni.