Zomon da Ya Yi Gudu a Buhun Iska

Kiptarus bai taɓa cin tsere ba, kuma ba don ya ci ake ɗaukarsa ba. Aikinsa shi ne ya shige gaban manyan 'yan gudu ya tare musu iska, in an ci rabin hanya ya kauce gefe yana haki, su wuce. Zomo ake ce wa irinsa a Iten, garin 'yan gudu a ƙasar Kenya. Da wannan aikin ya yi wa mahaifiyarsa rufin kwano.

Shekarar da ƙashin ƙaurinsa ya tsage, sansanin horonsu ya ba wani gadon kwanansa. Ya kama ɗaki a Eldoret, kusa da wani asibitin gashin ƙashi, yana tuƙa ugalinsa, tuwon masara, yana ci shi kaɗai. Abokai suka yi ta waya da farko, daga baya shiru.

A asibitin akwai injin gudu da ake zuge mutum har ƙugu cikin wani buhu, a hura iska ta ɗauke masa rabin nauyinsa. Ranar da ya fara hawa, sai ya ji kamar an sauke masa dakon masara. Ya ware ƙafa yana dogon taku, yana lilo, ko gumi babu. Chesang, ma'aikaciyar da ke kula da shi, ta hana. Ta ce ya gajarta takun, ya yawaita shi. Ya gwada, nan da nan numfashinsa ya hau.

"Ƙanwata, wannan ai tafiyar kaza ce. Ta ma fi gajiyarwa."

"Yaya, ƙashinka nake jinya, ba numfashinka ba."

Ya bi maganarta. Gajiyar ba ta dame shi ba. Abin da ya kasa sabawa da shi shi ne bangon da ke gabansa, da rashin jin takun kowa a bayansa. Sai ya riƙa waiwaye, ya ga tsintsiya jingine a lungu. Chesang ta lura.

Da damina ta wuce ƙafar ta warke. Ya hau matatu, motar haya, zuwa Iten. Mai horar da su ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya zuba masa shayi, ya tambayi lafiyar tsohuwa da ta shanu. Har shayin ya huce bai ambaci gudu ba, Kiptarus ma bai ambata ba.

Da yamma ya wuce gida Kapsowar. Ya tarar masara ta isa girbi, mahaifiyarsa ta fara karya ita kaɗai.