Maama Ba Ta Ƙarasa Tatsuniya da Hausa

Ni dai karatuna a firamare ya tsaya, don hedimasta ya ga idan na ci gaba sauran yara ba za su samu abin koya ba. Saboda haka in na yi maganar harshe, a saurara, masani ne ke magana.

Mu Fulani ne, amma irin waɗanda suka zauna. Rugarmu tana gefen Bunkure, kuma ina yaro aka sako ruwa a kanal, wato hanyar ruwan noman rani, makiyayarmu ta koma gonakin alkama da tumatir ta kowane ɓangare. Iyayenmu suka koma Hausa saboda kasuwa da maƙwabta. Mu yara kuwa, Fillancinmu bai wuce gaisuwa da zagi ba.

Kakata, wadda muke kira Maama, ba ta yi wa kowa faɗa a kan wannan ba. Mugunta ta shirya mana. Bayan magariba za ta zauna bakin wutar da ake hura wa shanu, ta ɗauko tatsuniya da Hausa tiryan-tiryan. Sai an zo daidai inda numfashinka ya tsaya, ta juya harshe, ta ƙarasa da Fillanci.

"Maama, me ya faru?"

"Maigidana, ai na faɗa. Kunnenka ne ya tafi talla."

Wadda ta fi cin raina ita ce ta Hurera, yarinyar da aka raina a birni. Dodon kogi ya janye garken ubanta cikin ruwa, ya ce ba zai sake su ba sai ta kira su da harshen da suka sha nono a cikinsa, in kuwa rana ta faɗi ba ta kira ba, sun zama nasa. Hurera ta tsaya a bakin ruwa, rana ta yi ja, ta buɗe baki. Nan Maama ke juyawa, ta rera wata waƙa mai tsawo, ta kakkaɓe zaninta ta tashi.

Wani maraice na rani, mazan rugar sun tafi jana'iza Garun Mallam ba su dawo ba. Maama tana cikin tatsuniyar nan, Hurera ba ta ma kai bakin kogi ba, muka ji ihu. Shanunmu sun fasa shinge, sun tsallaka kanal, sun faɗa tumatirin Malam Sale maƙwabcinmu. Kafin mu isa, manoma sun taru da sanduna da adduna. Dama an gargaɗe mu: in shanu suka sake ɓarna, sai mun tashi daga wurin.

Yayana Buba ya shiga yana kora yana ihu da Hausa. Shanun suka ƙara firgita, suna tattake kunya bayan kunya. Wani saurayi ya ɗaga adda ya nufi baƙar saniyar da ke jan garken.

"Malam Sale," in ji Maama, "hana yaronka. Ba ni ɗan lokaci."

"Inna, tumatir ɗin nan shi ne abincin gidana."

"Na sani, ɗana. Ku yi shiru kawai."

Ta hau kan gaɓar kanal, ta buɗe baki. Waƙar Hurera ce. Baƙar saniya ta ɗaga kai, ganye a bakinta. Ta tsaya, addar ma ta tsaya a sama. Sannan ta juyo, ta bi hanyar da ta shigo, sauran suka jeru a bayanta kamar masu fitowa daga masallaci. Washegari dattawa suka zauna, aka ba Malam Sale maraƙi, ba a tashe mu ba.

Kwanan baya jikata Safiya, mai karatu a Kano, ta ba ni labarin wasu mutane, Bask, a duwatsun da ke tsakanin Sifen da Faransa. Ta ce harshensu ba shi da dangi a duniya, an taɓa hana shi a makaranta har ya kusa tafiya, sai suka buɗe makarantun kansu, yanzu yara da shi suke koyon lissafi. Wai da yawansu ma makiyayan tumaki ne a da. Na ce to ai Fulanin Turai ne, a gaishe su. Amma raina bai yi dariya ba. Su hana su aka yi, suka yi zuciya. Mu ba wanda ya hana mu. Ajiye namu muka yi a bakin kanal kamar takalmi, muka shiga ruwa.

Da magariba na tara jikoki na yi musu ta Hurera. Da Hurera ta buɗe baki, na juya harshe, na rera abin da ya saura a kaina. Ƙananan suka koma kan wayarsu. Safiya ba ta motsa ba.

"Tsoho, shanun sun fito ko ba su fito ba?"

"Amaryata, ai na faɗa."

Ta ɗauka rowa ce. Gaskiyar ita ce rabin waƙar kawai na riƙe, rabin ma sautinta na sani, ba ma'anarta ba. Mutum ɗaya ta rage a rugarmu mai ita cikakkiya, Goggo Dije, ƙanwar babana, kuma tun damina ba ta tashi daga shimfiɗa ba.

"In kina son ƙarshe," na ce, "ga ɗakin Goggo can."

"Sai gobe, yanzu ta gaji."

"Hurera ma rana ce ta kusa faɗi mata."

Ta dube ni, ta dubi ɗakin. Ta ɗauki mayafinta.